Lucera: Ganuwa Na Nan, Masu Gari Babu

A kudu maso gabashin Italiya, cikin yankin Puliya, akwai wani ƙaramin gari mai suna Lucera. Mutanensa ba su fi 30,000 da 'yan kai ba. Garin na bisa tudu, a ƙarƙashinsa kuma fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganinka, alkama da zaitun da inabi da tumatir, har ka dangana da birnin Fojiya mai tazarar kimanin kilomita 20. A gefen tudun ta yamma akwai wata ganuwa ta dutse da jan bulo, kewayenta ya kai wajen mita 900, da hasumiyoyi fiye da 20 a jikinta. Daga nesa sai ka ɗauka birni ne guda a ciki. In ka shiga ƙofar kuwa, fili ne fayau: ciyawa, da tushen gine-ginen da suka daɗe da rushewa, da ragowar wata tsohuwar fada a kusurwa ɗaya.

Mu abin da muka sani da ganuwa shi ne ta rungume gari. Ta Kano da ta Katsina da ta Zariya sun kewaye gidaje da kasuwa da masallatai, har da gonaki da kududdufai, don in maƙiyi ya zo ya yi zaman dirshan a waje, na ciki su sami ci da sha. Ta Lucera ba haka take ba. Garin yana waje, ganuwar tana gefe tana kallonsa. Ɓangarori uku na tudun gangare ne mai wuyar hawa. Na huɗun, wanda ke fuskantar gidajen mutane, shi aka haƙa wa gwalalo mai zurfi, shi aka jera wa hasumiyoyi mafiya ƙarfi. Masanin yaƙi zai ce ai nan ne ƙasa ta daidaita, dole nan za a fi ƙarfafawa, kuma ya yi gaskiya. Amma sarkin da ya ba da umarnin ginin ya san sarai su wane ne ke zaune a wannan ɓangare, tun da bai daɗe da gama yaƙi da su ba. Musulmi ne masu magana da Larabci, waɗanda suka shekara wajen 75 ana kiran salla a garinsu, tafiyar kwanaki kaɗan a kan doki daga fadar Fafaroma.

Asalinsu mutanen tsibirin Sisili ne. A shekarar 827 rundunar sarakunan Aglabawa ta taso daga ƙasar da yanzu ake kira Tunisiya ta sauka a Mazara, kuma malami ne ya ja ta, Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. Almajiran fiƙihu na ƙasarmu sun ci moriyar wannan bawan Allah ko da ba su san ya taɓa jan runduna ba, domin a kan littafinsa Asadiyya ne Sahnun ya gina aikin da ya zama Mudawwana. Palermo ta faɗi a 831 ta zama babban birni, aka yi fiye da shekara 200 tsibirin na hannun Musulmi. Daga 1061 zuwa 1091 Normawa suka ƙwace shi sannu a hankali. Sarakunansu ba su kori kowa ba da farko. Sun riƙe Musulmi a matsayin marubuta da likitoci da sojoji, kuma a fadar Sarki Roja na Biyu ne Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, wanda a ciki ya kawo zancen Gana da Gawo da Kanem. Sai dai matafiyin nan Ibn Jubair, da ya ratsa tsibirin a 1184 zuwa 1185 kan hanyarsa ta dawowa daga aikin Hajji, ya hango abin da ke ƙarƙashin wannan zaman lafiya: ma'aikatan fada masu ɓoye sallarsu, da wani uba da ya roƙi ɗaya daga cikin alhazan ya auri 'yarsa ya fita da ita daga ƙasar. Shekara huɗu bayan haka sarkin lokacin ya mutu, rikici ya ɓarke, aka auka wa Musulmin Palermo, da yawa suka tsere zuwa duwatsun yammacin tsibirin. Can suka kafa mulkin kansu ƙarƙashin Muhammad ɗan Abbad, wanda har kuɗi ya buga da sunansa.

Nan Firedirik na Biyu ya shigo labarin. A Palermo ya tashi maraya, ya zama sarkin Sisili tun yana ɗan yaro, aka naɗa shi babban sarkin daular Rum ta yamma a 1220. Ana yawan yabonsa da cewa aminin Musulmi ne: yana musayar wasiƙu da malaman Masar kan lissafi da falsafa, kuma a 1229 ya karɓi birnin Ƙudus daga hannun Sarki Kamil ta hanyar sulhu ba tare da zub da jini ba. Duk wannan ya faru. Amma shi ne ya yi wa tungar Jato ƙawanya a 1222, ya kama ɗan Abbad ya sa aka kashe shi, sannan ya soma kwashe mutane a jiragen ruwa yana tsallakar da su babban yankin Italiya. An yi ta wannan jigila daki-daki har 1246, lokacin da aka kwashe na ƙarshe. Musulunci ya yi shekara 400 a Sisili, kuma a hannun wannan sarki da ake wa kirari da son Musulmi ya ƙare. A ganina duk wanda zai yabi Firedirik ya kamata ya fara faɗin wannan tukuna.

Dabararsa a bayyane take. A Sisili, ɗan tawaye na iya hawa jirgi ya kwana biyu ya isa Tunis, ko taimako ya zo masa daga can. Lucera kuwa tana cikin ƙasa, nesa da gaɓa, kewaye da Kiristoci masu wani harshe. Wanda aka ajiye a nan ba shi da dangi, ba shi da majiɓinci sai sarkin da ya kawo shi. Masana tarihi na ƙiyasta yawansu tsakanin 15,000 da 20,000. A doka bayin sarki ne, su da abin da suka mallaka na taskar sarki ne, suna biyan jizya a kan kawunansu da harajin gona a kan ƙasar da suke nomawa. A madadin haka aka bar musu addininsu. Suna da masallacin Juma'a da makarantu, suna da alƙalinsu mai yanke hukunci da shari'arsu, da shugabanninsu na gari.

Kuma sun yi aiki. Wannan fili da ya daɗe ba a cin moriyarsa yadda ya kamata, suka mayar da shi rumbun alkama da sha'ir. Sarki ya sa an ba su shanun huɗa 1,000 don ya ɗaure su da ƙasar. Sun dasa inabi, sun rataya amya, sun yi kiwon tumaki. A cikinsu akwai maƙera, da masu gyaran baka da kibiya, da masu ɗinkin tantuna, da masu ginin tukwane da masaƙa, har da masu kula da raƙuma da damisoshin farautar sarki. A 1234 aka sa Lucera cikin garuruwa bakwai na masarautar da ke cin babbar kasuwar shekara. Abin da sarki ya fi buƙata daga gare su dai shi ne 'yan baka. Duk sojan Kirista, in Fafaroma ya tsine wa ubangidansa, zuciyarsa na iya rawa, shi kuwa Musulmin Lucera tsinuwar Fafaroma ba ta shafe shi da komai ba. Da su Firedirik ya ci yaƙin Kortenuwoba a 1237, da su ya yi ta kai hari cikin ƙasashen cocin kanta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mutanen Lucera sun biya kuɗin zamansu da jinin 'ya'yansu a yaƙe-yaƙen da ba nasu ba.

Wajen 1233 sarki ya gina fadarsa a bakin tudun, ita ce ragowar da ake gani a kusurwa yau. Abin da ya saura gindinta ne kawai: wani murabba'in gini mai faɗin kimanin mita 50 kowane gefe, bangonsa a kishingiɗe, an huda masa 'yan siraran tagogi na harba kibiya, babu ƙofa ko ɗaya a daidai ƙasa. A da benaye uku ne a kansa, da tsakar gida a tsakiya wadda a can sama take komawa mai kusurwa takwas. A nan ake ajiye wani ɓangare na dukiyar sarki. Masu tonon tarihi da suka haƙa wurin a shekarun 1960 sun tarar da fasassun kwanukan tangaran, har da waɗanda aka yi a ƙasar Sin. Fafaroma Giregori na Tara ya yi ta ƙorafi, ya nemi a tura masu wa'azi su juyar da mutanen, sarki ya ce to, amma ba wani abin kirki da ya biyo baya. Da aka taru a Liyon a 1245 don tuɓe Firedirik, cuɗanyarsa da Musulmi na cikin laifuffukan da aka lissafa masa. Ya mutu ranar 13 ga Disamba 1250 a Fiyorentino, 'yar tazara kaɗan daga Lucera.

Akwai wani dare da nake yawan tunawa in ana zancen garin nan. A farkon Nuwamba 1254, Manfired ɗan Firedirik ya tsero daga hannun mutanen Fafaroma, ya iso ƙofar Lucera da mutane ƙalilan. Mai riƙe da garin a lokacin wani baƙar fata ne, Yahaya Moro, ɗan baiwa, wanda ya taso a fada har ya zama shugaban taskar sarki, amma a wannan karon ya tafi neman shiri da Fafaroma, ya bar umarnin kada a buɗe wa kowa. Marubucin tarihin Manfired ya ba da labarin cewa wani daga cikin 'yan rakiyarsa mai jin Larabci ya yi magana da masu gadi a kan badala. Suka gane ɗan sarkinsu ne, amma makulli ba ya hannunsu. Wani ya ce akwai magudanar ruwa a ƙarƙashin ƙofar, in ya yarda ya rarrafo ta nan. Manfired ya sauka daga kan doki zai kwanta a ƙasa. Masu gadin suka ga abin ya yi musu nauyi, ɗan Firedirik ya shigo garinsu da rarrafe, sai suka ɓalle ƙofar, suka ɗaga shi a kafaɗa suka shiga da shi. Da dukiyar da ke fadar da 'yan bakan garin ya ƙwato mulkin ubansa. Tun daga nan maƙiyansa suka laƙaba masa Sarkin Musulmin Lucera don su ɓata shi. A 1261 Sarki Baibars na Masar ya aiko masa da jakada, malamin tarihi Ibn Wasil, wanda ya rubuta cewa a garin ana sallar Juma'a a fili, kuma a sansanin Manfired kansa ana kiran salla.

Abin da ya sa daren ke tsaya mini a rai shi ne amanar da ke cikinsa. Mutanen da aka raba da ƙasarsu da ƙarfi da 'ya'yansu ne suka ɓalle ƙofa don ɗan wanda ya raba su. Ba na jin tsoro kaɗai ne ya sa su. Sun riga sun mayar da Lucera gida, sun binne iyayensu a can, kuma sun fahimci cewa muddin gidan Firedirik ya faɗi, su ma ba su da wurin tsayawa.

Haka kuwa aka yi. Fafaroma ya gayyato Sharl na Anju, ƙanen sarkin Faransa, ya ba shi masarautar in zai iya ƙwata. Ranar 26 ga Fabrairu 1266 aka gwabza a Benebento, aka kashe Manfired, 'yan bakan Lucera da yawa suka faɗi tare da shi. Garin ya miƙa wuya. Bayan shekara biyu sai ga Konradin, jikan Firedirik, yaro ɗan shekara 16, ya gangaro daga Jamus neman gadonsa, mutanen Lucera suka sake ɗaga tuta dominsa. Aka ci yaron da yaƙi a Taliyakozo, aka fille masa kai a kasuwar Napoli a Oktoban 1268. Lucera ta rage ita kaɗai. Sharl ya kewaye ta wata da watanni, bai iya fasa ta ba, sai yunwa ce ta buɗe masa ƙofa a ƙarshen Agustan 1269. Kiristocin da suka goyi bayan tawayen ya sa an kashe su. Musulmin kuwa ya bar su da ransu, ya ƙara musu haraji, domin shi ma yana son alkamarsu da kibansu.

A wannan shekara aka soma ganuwar da muke magana a kai, aka yi ta aiki har 1283. Cikin magina akwai Bafaranshe Piyer na Anjikur, ɗaya daga cikin manyan masu tsara gine-ginen yaƙi na zamanin. Katangar ta zagaye kan tudun gaba ɗaya ta haɗiye tsohuwar fadar Firedirik a cikinta. A ɓangaren gangare hasumiyoyin masu kusurwa huɗu ne, na jan bulo, ba wani ado. A ɓangaren gari kuwa an yi su masu tsini kamar goshin jirgi, don dutsen majaujawa ya goce, kuma don 'yan baka su iya harbin duk wanda ya matso gindin katanga ta hagu da dama. A ƙarshen wannan layi biyu akwai hasumiyoyi masu da'ira, ɗaya ana ce mata Zaki, ɗaya Zakanya. Zakanyar ce babba, tsayinta wajen mita 25. Gindinta an jera shi da manyan fararen duwatsu da aka bar wa fuskarsu tudu-tudu, samanta kuma sumul, da haƙora a ƙoli inda maharba ke laɓewa. Wanda ya tsaya a kanta yana ganin rufin gidajen garin da hanyoyin shiga da fita. A cikin ganuwar aka gina ɗakunan sojoji a jere, da coci, da babbar matattarar ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa. Sarki ya aika kudancin Faransa, yankin Furobans, ya nemi iyalai 140 su zo su zauna a ciki, a ba su gida da gona. Wato gari ne na biyu aka kafa, na Kiristoci, a ƙofar na farko. Baƙin ba su ji daɗin zaman ba, da yawa suka watse. Har yau dai a ƙauyukan Fayeto da Celle, can cikin duwatsun lardin, ana magana da wani tsohon harshe na ƙasar Faransa, kuma mutanen na danganta asalinsu da sojojin Sharl.

Taskar da ta biya magina ita ce wadda jizyar mutanen Lucera ke shiga. Shekara 30 suka yi a inuwar wannan katanga suna noma, suna biyan haraji, suna ba da 'ya'yansu ana kai su yaƙi Albaniya da Sisili a ƙarƙashin tutar gidan Anju. Ba su sake tawaye ba. Wasu manyansu har muƙamin barde aka ba su, suka mallaki filaye. Mai hankali a cikinsu zai iya cewa sun tsira.

Ba su tsira ba. A 1282 mutanen Sisili suka yi wa Faransawa bore, aka shiga yaƙin da ya ci shekara 20 yana lashe dukiyar masarauta. Sharl na Biyu ya gāji sarauta da bashi a wuya. Mutum ne mai tsananin riƙo da addininsa, kuma a farkon shekarun 1290 an riga an tilasta wa Yahudawan ƙasarsa da yawa shiga Kiristanci. A 1300, shekarar da Fafaroma Bonifas na Takwas ya kira babban bikin yafiya na farko a Rum, sarki ya ba Jobanni Pipino na Barletta umarni a kan Lucera. Shi Pipino babban jami'in lissafin kuɗin masarauta ne, kuma zaɓensa kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa. A tsakiyar Agusta ya shiga garin da sojoji. Cikin kwanaki kaɗan aka gama. Aka kashe waɗanda suka yi turjiya, aka kama shugabanni, sauran aka kora su a hanya ƙungiya-ƙungiya zuwa garuruwan masarautar, aka sayar da su bayi, maza da mata da yara, dubbai. Masu sana'ar da sarki ke buƙata aka ware su. Hatta waɗanda suka karɓi Kiristanci a wannan hali, da yawansu bai hana a sayar da su ba. Aka ƙirga alkamar rumbuna da dabbobi, aka sayar, kuɗin ya tafi taska.

Sarki ya ce don ɗaukaka addini ya yi. Masanin tarihi Piyetro Ejidi, wanda ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce kuɗi ne. Wasu bayansa sun ce duka biyun ne, kuma na fi karkata nan: bashi ne ya sa sarki ya waiwayi garin, addini ya ba shi abin da zai faɗa wa duniya da kuma zuciyarsa. Amma tushen ɓarnar ya girmi Sharl na Biyu. Tun ranar da Firedirik ya rubuta su a matsayin kayan taskarsa, hanyar sayar da su a buɗe take, mai bi kawai ake jira. Sarakunan da suka gabace shi sun ga amfaninsu a raye, shi kuwa ya lissafa ya ga sun fi tsada a kasuwa, kuma babu wata doka ko alƙali a duk masarautar da za su kai ƙara gabansa. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, ko da wane suna aka kira shi.

Aka sauya wa garin suna zuwa Birnin Maryamu, kodayake sunan bai kama bakin mutane ba. Aka rushe masallatai. A tsakiyar gari aka ɗora harsashin babbar majami'a a 1300, aka gama a 1317, kuma abin da mutanen garin suka gāda shi ne a gurbin masallacin Juma'a take. Tana nan har gobe, kyakkyawan gini na jan bulo. Bikin shekara na garin ana yin sa ne daga 14 zuwa 16 ga Agusta.

Ganuwar fa? Da aka rasa waɗanda za ta tsare, sai ta rasa aikin yi. Sojoji suka ragu, gidajen ciki suka zama kufai. Girgizar ƙasa ta 1456 ta taɓa ta. Filin da Musulmi suka noma, babban ɓangarensa ya koma makiyaya: a 1447 Sarki Alfonso ya kafa hukumar karɓar harajin tumakin da ke gangarowa daga duwatsun Abruzo kowane hunturu, mazauninta na farko a Lucera, kafin a mayar da ita Fojiya a 1468. A ƙarni na 18 mutanen gari suka mayar da tudun wurin ɗibar dutse. Wani mai zane Bafaranshe, Depre, ya zana fadar Firedirik wajen 1778 tana tsaye da sauran benayenta, ba a daɗe ba aka rushe ta aka kwashe duwatsun zuwa wasu gine-gine. Ba don zanensa ba da ba a san kamanninta ba. A 1806 aka ɗauke hedikwatar lardi ita ma aka kai Fojiya, Lucera ta koma ƙaramin garin manoma da lauyoyi. Daga baya masu yin bulo suka yi ta haƙar yumɓu a gindin tudun, abin da ya sa zaizayar ƙasa ke barazana ga katangar. Yau hukuma na gyara ta, baƙi na zuwa ɗaukar hoto, ana kuma kiranta da sunan gidajen sarauta biyu, na Firedirik da na Anju. Mutanen da aka yi ginin saboda su ba su bar ko bango ɗaya da za a nuna a ce nasu ne ba.

Wani abu kuma ya sake juyowa a wannan fili, wanda ya shafe mu kai tsaye. Lardin Fojiya na cikin manyan wuraren noman tumatir na Italiya, kuma masu tsinkarsa a zafin Yuli da Agusta da yawansu 'yan ci-rani ne daga Afirka ta Yamma: Senegal, Mali, Gambiya, Gana, Najeriya. Dubbai na kwana a bukkokin kwano da leda a wurare irin su Borgo Mezanone. Dillalan lebura ke ɗibarsu da asuba a cikin tsofaffin motoci, su yanki kuɗin mota da na ruwa daga ɗan abin da aka biya su. Italiya ta yi doka a 2016 don hukunta wannan dillanci, amma a Agustan 2018 haɗarin mota biyu cikin kwana uku ya kashe ma'aikatan gona 16 a lardin, dukkansu baƙi. Ba na cewa halinsu ɗaya ne da na mutanen 1300, domin ba wanda ya sayar da su, kuma akwai Italiyawa masu yawa, cikinsu har da limaman coci da 'yan ƙungiyar ƙwadago, da ke tsaye a kan haƙƙinsu. Sai dai wanda zamansa a ƙasa ya rataya a kan wata takarda da kuma buƙatar mai gona, zai gane labarin Lucera tun kafin a gama ba shi.

Kusan duk abin da aka sani game da kwanakin ƙarshe na mutanen nan daga rajistar masarautar Anju ya fito, wato daga alƙalamin waɗanda suka sayar da su: sunaye, da adadin kawuna, da mudun alkama, da kuɗin da aka karɓa. Ejidi ya kwafe waɗannan takardu ya buga su a littafi a 1917. A ƙarshen Satumban 1943 sojojin Jamus suka cinna wa gidan da aka ɓoye tsofaffin takardun Napoli wuta, rajistar ta ƙone ƙurmus, sai kwafin ya rage.

Malamanmu na tarihi a jami'o'i da makarantun Islamiyya, in sun zo kan Andalus da faɗuwar Garnaɗa a 1492, ina roƙonsu su ƙara darasi ɗaya a kan Sisili da Lucera. Cikin ɗalibansu akwai waɗanda ƙannensu da yayyensu ke tsinkar tumatir a wannan fili yanzu haka, kuma ya kamata su san su wa suka riga su noma shi.